Dutsen da muke tokare ƙofar kicin

Shekarun baya, lokacin da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama mahaifina, muka ɗauko shi daga Agyaragu zuwa gidana a Akurba. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa a gonar doya, ga shi kwance, hannun dama ya mutu, magana babu. 'Yan'uwana kuwa, Allah ya saka musu, sun iya kiran waya. Wanka, juya shi, wankin zanin gado, dama kunu, duk ni, ga aikin ofis. Wallahi na gaji, irin gajiyar da ko kuka ba ka iya yi.

'Yata tana shekara shida, ta fara Islamiyya, kai ya cika da sabon karatu. Wata rana ina durƙushe ina wanki ta zo ta tsaya a kaina.

"Mami, Kaka ya manta da Allah ne?"

"Ke! Wace irin magana ce wannan?"

"Tun da ya zo ban ga ya yi salla ba. Ko bisimilla ba ya yi in zai sha kunu. Malama ta ce wanda ya bar salla..."

"Malamar ta zo ta taya ni wankin nan! Ba shi da lafiya, Allah ya sani. Matsa min."

Ta tafi, amma ba ta bar maganar ba. Ta rage cin abinci. In ta idar da salla sai in ji tana cewa, "Allah, kar ka yi fushi da Kaka, bakinsa ne ya lalace." Tsoronta kar ya mutu bai tuna Allah ba. Ni kuma ban san abin da ya saura a cikin kan Baba ba, balle in kwantar mata da hankali.

Rannan da la'asar ƙofar kicin ta dame ni da bugawa, na duba, dutsen da muke tokare ta babu. Na tashi da masifa. A ɗakin Baba na same ta, ta wanke dutsen ta ɗora a kan zanin da na shimfiɗa yanzun nan. Ashe ranar aka koya musu taimama.

"Kaka, ba sai da ruwa ba. Ka dafa kawai. Kalli, haka."

Na buɗe baki zan yi faɗa, sai na ga Baba ya miƙo hannun hagu, ya dafa dutsen, ya shafi fuskarsa. Ya tsaya yana kallon hannun damansa. Ta ɗago masa shi da hannayenta biyu, ya shafa. Sannan ya ɗaga yatsa ɗaya sama, hawaye na gangara masa cikin kunne.

"Mami, ya tuna!"

Ai bai taɓa mantawa ba. Ni da ke ba shi magani kan lokaci, na ɗauka ciwon ya ɗauke masa salla gaba ɗaya. Ashe yana jin kiran salla daga masallacin layinmu, lokaci na wuce shi, ba bakin da zai ce a taimaka masa.

Daga ranar ita ke kai masa dutsen in an kira salla, har Allah ya karɓi abinsa da damina. Gajiyar ba ta ragu ba, ba zan yi muku ƙarya ba, har yau in na tuna jikina mutuwa yake yi.

Yarinyar yanzu tana sakandare, sai na yi ta fama da ita kafin ta tashi sallar asuba. Dutsen yana ɗakina. Ƙofar kicin na nan tana bugawa, maigidana ya gaji da cewa a tokare ta.