Yaɓen Takarda a Bakin Tekun Indiya

Hilinge zuwa Yamai

Tun ba a kira assalatu ba muka bar gida, ni da ɗana Iliyasu, wanda zai kai ni Indiya a gyara mini gwiwa. Ni magini ne, karatuna na lakkwal, wato boko, bai kai ga damina ta biyu ba, don haka a yi haƙuri da rubutuna.

Na tashi da damuwa. Tsohon masallacin ƙasa na ƙauyenmu, ginin kakanninmu, kanwa na cin gindinsa, samari sun ce a rushe a yi na siminti. Ni kaɗai na ƙi. Maigari ya ce a jira dawowata, ina jin don ya ɗauka ba zan dawo ba.

A Baleyara jandarma ya duba takarduna ya ce, "Baba, Indiya? Rawa za ka koyo?"

Na ce, "Da wagga gwiwa?"

Cennai

Zancen jirgi ba ni da shi, idona a rufe na yi tafiyar. Masaukinmu na kusa da asibiti, kullum shinkafa bisa ganyen ayaba da wata waina fara marar mai. Aikin gwiwa ya yi kyau. Da na fara takawa likita ya ce in riƙa yawo, sai Iliyasu ya ɗauki mota muka bi gefen teku zuwa wani gari, Mahabalipuram.

Bakin teku

Nan na ga ɗakin bautar Hindu na dutse, ƙafarsa kusan cikin ruwa. Wani sarkinsu ya gina shi, ya haura shekara dubu. Na gaya wa Iliyasu kallon gini ya kawo ni, ba ibada ba. Duwatsun a jere, hannu ya zauna. Shanun dutse da ke kewaye da shi iskar gishiri ta shafe musu fuska. An tara manyan duwatsu sun tare teku, an dasa itatuwa sun tare iska.

Can na hango ma'aikata suna manna wani farin abu jiƙaƙƙe a bango, tudu da kwari, yaɓen da ko makaho ba zai karɓa ba. Hannuna ya yi ƙaiƙayi. Na jingine sanda na shiga lailaye musu. Mai gadi ya busa usur, Iliyasu ya so ƙasa ta tsage.

Shugabarsu, wata mace mai furfura, ta zo tana dariya. Iliyasu ya yi tafinta. Ta ce ba ado ba ne, takarda ce aka jiƙa aka dama. In ta bushe sai ta tsotse gishirin da ke cikin dutse, a ɓare, a sake wata.

Na ce, "Tambaye ta, me ya hana su shafe shi da siminti su huta?"

Ta kama kai. Ta ce siminti kulle gishiri yake a ciki, gini ya ruɓe ba a gani.

Na ce, "Gaya mata mu ma haka muke a ƙasarmu ta Kurfai. Yaɓen ƙasa shi ke shan kanwa, ya zube, mu sake. Kakana ya koya wa ubana."

Ta ce, "To ku ma kuna da gini mai rai." Ta ba ni curin takardar, na manna da hannuna, bisa izni wannan karon.

Gida

Ranar da muka iso ban ko huta ba aka taru ƙofar maigari. Iliyasu ya nuna hotuna a waya, ni na yi bayani har da ƙari. Liman, abokin wasana, ya ce, "Kai tsohon banza, wurin masu gumaka ka koyo gyaran masallaci?"

Na ce, "Malam, su teku suke faɗa da shi shekara dubu ba su gaji ba. Mu kanwa ce kawai, kuma ɗakin Allah ne."

Shugaban samari ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, ƙasar wane rami ta fi?"

Yanzu an kwaɓa, an yaɓe bangon gabas da na arewa, ni ina zaune bisa kujera ina faɗa da kowa. Na gode wa Allah da ya kai ni ya maido ni, na gode wa Iliyasu. Waccan baiwar Allah ban tambayi sunanta ba, amma Juma'ar da ta wuce a cikin masallacinmu muka yi salla.