Yadda Muka Shuka Garmani da Hannunmu

Har yau a ofis cewa ake shanun da ke tsallakowa daga Nijar ne suka cika makiyayar nan da garmani. Ƙarya ce. Mu ne, kuma ranar ta ƙi fita raina.

Ni ce ƙaramar ma'aikaciyar fili a ƙungiyarmu ta kare muhalli, aikina tara 'yan sa-kai. Ga sababbinmu da ba su sani ba, garmani haki ne da dabba ba ta ci, inda ya kama kuwa ciyawar kirki ba ta sake fitowa. Ƙa'idarsa ɗaya ce: a tuge shi da saiwa farkon damina, kafin ya yi 'ya'ya.

Bara a watan Yuli na samu mutum arba'in a wani ƙauye kusa da Babban Mutum. Lokacin kusurwa ɗaya kawai garmani ya ci a makiyayarsu. Na kai wa shugaban shiri takarda. Ya ce a jira riguna masu tambari, da baƙin da za su ƙaddamar.

"Yallaɓai, garmani bai san ƙaddamarwa ba."

"Ke dai Hadiza, bakinki ya fi aikinki."

Riguna ba su iso ba sai Oktoba.

Ranar aikin, Baffa Jauro, dattijon da ke kiwo a wurin tun ba a haife ni ba, ya tsinki reshe, ya murza a tafin hannu, ya nuna mini. Iri ne zalla.

"'Yata, kada ku ɗaga shi. Ku tara nan inda yake, ku sa wuta."

Na faɗa wa shugaba. Ya ce baƙi na rumfa a bakin titi, tarin haki suke so a hoto. Ni mai baki, ranar umarninsa na bi. Muka sare, muka yi ta jansa a ƙasa, muka ratsa makiyayar daga wannan kai har wancan. Abin da ya rage mata suka kwashe don tsintsiya.

Da ruwa ya sauka bana, garmani ya fito layi-layi, daidai inda muka ja. Baffa ya sayar da shanu uku, ya shirya kora sauran arewa. Na je yi masa sallama ina jiran zagi. Cewa ya yi, "Rana ta yi zafi, 'yata, shigo inuwa." Gara da ya zage ni.

Abin da na koya, a wannan aiki wanda ya san ƙasar shi ne ba a tambaya.

Mutum tara kacal suka yarda su sake fitowa. Asabar da sassafe za mu shiga da fartanya, daga bakin mashaya. In shugaba ya ji ya ce zai kore ni daga aiki, to ya kora.