Shanun Huɗar da Ba Mu Saya Ba

Shekara goma sha ɗaya na yi da Malam kafin ya ajiye aiki, kuma ban taɓa ganin ya yanka sabulu da wuƙa ba. Da zare yake yankawa, wai wuƙa tana cin sabulu. Goro ɗaya yakan kai shi kwana uku a cikin jiƙaƙƙen tsumma. In wuyan rigarsa ya cinye sai ya kai wa tela ya juya masa. Nama kuwa, in ba maƙwabta sun yi suna ba, sai dai mu jira layya. Ni malamar firamare ce a Tudun Wada, ina da ɗan albashina, don haka ba zan ce mun kwana da yunwa ba. Amma takaici kam na sha shi har na ƙoshi.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne aikinsa. Malam ne mai kula da siton takin zamani. A shekarun nan na tamanin, duk wanda aka damƙa wa makullin siton taki an gama masa gata. Takwarorinsa na wasu garuruwa na san su, na san matansu. Wannan ya sayi babur, wancan ya yi rufin kwano, wani har ya sauke farali. Nawa mijin keke yake hawa, keken da tun daga bakin kasuwa nake jin ƙararsa ina tsakar gida. Mutane suna cewa mai gaskiya ne. Ni da nake ɗaki ɗaya da shi sai in ce a raina, anya kuwa? Mutum ya zauna gaban buhuna jibge har rufi, a ce ko ɗaya bai taɓa ba? Ko dai ya fi su wayo ne, su suna ci a fili shi yana binnewa?

Shi ma bai taimaki kansa ba. Duk ƙarshen wata sai ya bi motar masu hatsi, don ba sa karɓar kuɗinsa, ya nufi wajen Doguwa ya wuni. In na tambaya sai ya ce gonarsu ta gado ya je dubawa. Gonar da na san ba mai noma ta tun rasuwar mahaifinsa. In na matsa sai ya ce, “Malama, ki yi haƙuri, akwai abin da nake shiryawa.” Shekara da shekaru amsar ke nan, har na daina tambaya na koma sa ido.

Wata rana bayan kaka ya dawo gida kafin azahar, ya jingine keken, ya ce in zo in zauna. Wai ya miƙa takardar ajiye aiki. Mutumin da ko arba'in bai cika ba. Ran nan ne ya fara buɗe mini cikinsa. Abin da ya ƙi ci duk shekarun nan, da shi ya sayi gonar da ke jikin tasu, ya kuma gina ɗaki biyu a can. Saura shanun huɗa biyu da garma, kuma kuɗin sallamarsa za su saya. Wani Bafulatani abokinsa ya riga ya ware masa bijimai biyu, zai riƙe masa su zuwa faɗuwar ruwa.

“In shanun nan suka shigo hannu kafin damina, na gama,” in ji shi. “Ba mai sake aiko mini masinja. Mu noma masara mu ci, mu sayar da ragowa.”

Yana magana fuskarsa a sake, irin yadda ban taɓa gani ba. Ni kuwa kallonsa kawai nake. Lokacin ana ta korar ma'aikata, kuma duk wanda aka kora cewa yake shi ya ajiye. A makaranta sai malamai suka riƙa gaishe ni a hankali kamar an yi mini rasuwa. Wata ta ce, “Ai gara da suka bar shi ya rubuta da hannunsa, an rufa asiri.” Na je gida Kiru, mahaifiyata ta ja ni ɗaki ta ce, “Ke, faɗa mini gaskiya, me ya ɗauka?” Kuma abin da ya fi ci mini rai, tambayar da ke cikina ce ta fito ta bakinta.

To ni ba na iya zama da abu a ciki. Ranar da aka aike ni kai takardun makaranta hedikwata, na gama, sai ƙafata ta kai ni ofishin su Malam, ɗakin da ake ajiye fayil. Akawun wurin dattijo ne mutumin Bebeji, ya san mahaifina. Na durƙusa na gaishe shi, muka taɓa zancen gida, sannan na rage murya.

“Baba, don Allah tsakanina da kai. Buhu nawa aka ce sun ɓata a siton maigidana?”

Ya cire tabarau ya dube ni. “Wa ya ce miki sun ɓata?”

“A'a, tambaya dai nake.”

“’Yata, tashi ki tafi gida,” ya ce.

Sai a lokacin na lura ba mu kaɗai ba ne. Bayan kabad akwai wani yana buga tafireta, kuma tafiretar ta yi shiru tun sa'ad da na buɗe baki.

Ba a yi mako biyu ba takarda ta zo. An dakatar da biyan Malam sai an yi bincike. Daga baya na ji yadda maganar ta zaga ofishin: in matar mutum da kanta ta zo tana tambayar buhu nawa, ai akwai magana. Masu bincike suka kwashe littattafan sito na duk shekarun da ya yi, suka tafi da su. Ruwa ya sauka. Bafulatanin ya jira har aka yi noman fari, sannan ya aiko da ban haƙuri ya sayar wa wani. Malam ya tafi gonar da fartanya, mutumin da hannunsa ya saba da biro. Ya dawo da kanta a tafin hannu da masarar da ba ta kai mu bazara ba. Damina ta biyu ma haka.

Ni duk wannan ban faɗa masa na je ofishinsu ba. Ina dafa abinci, ina yi masa sannu, ina taya shi tsine wa wanda ya kai ƙararsa. Shi ba ya tsinewa, sai dai ya ce Allah ya kyauta.

A shekara ta uku aka biya shi, har da takardar yabo, ko buhu ɗaya bai yi ciwon kai ba. Amma kafin nan Naira ta lalace. Kuɗin da za su sayi bijimai biyu da garma, yanzu ko bijimi ɗaya ba su kai ba. Kuma zan faɗi abin kunyar, tunda na ɗauko faɗa: ina riƙe da takardar yabon nan, wani sashe na zuciyata cewa yake, lallai mutumin nan ya iya ɓoyo.

Ya ba da gonar aro, ya karɓi aikin tsaron sito wurin wani ɗan kasuwar hatsi a Kwanar Dangora, aikin da ya yi har gashinsa ya yi fari. Safiyar da zai fara, yana ɗaure tabarma da buta a bayan keke, na ga ba zan iya ba. Na ce, “Malam, akwai maganar da na daɗe ina riƙewa.”

Bai ɗago ba. “Ta ofishin fayil? Dattijon ya faɗa mini tun makon da kika je.”

Shekara uku yana cin tuwon hannuna da wannan a cikinsa. Sai kuma haushi ya taso mini, don ni ko a kan laifina sai na sami abin faɗa. Na ce, “To me ya hana ka magana? Me ya hana ka kalle ni tun farko ka ce ba ka ɗauki komai ba?”

Ya ƙulle igiyar, ya ja ta ya ga ta kama, sannan ya dube ni.

“Da na faɗa, za ki yarda?”

Na buɗe baki in ce e. Ya tsaya yana jira, riƙe da keken, bai ƙosa ba. Na duba cikina iya dubawa, ban sami e ɗin ba. Da ya ga haka sai ya ce in rufe ƙofa, ya tura keken ya fita.