Farar Wutar da Ta Ci Idon Isyaku

A Ƙofar Mazugal, in ka ce Isyaku ba ka ƙara da "Mai Ido" ba, sai an tambaye ka wanne. Maƙerin fari ne, gadon iyaye da kakanni, amma idonsa ne ya yi masa suna fiye da hannunsa. Yakan kankaro ɗan ƙarfe ya barbaɗa a garwashi, ya dubi harshen wutar, ya faɗa maka abin da ke ciki. Jan ƙarfe wutarsa koriya ce shar. Baƙin ƙarfe tartsatsi yake yi. Azurfar gaskiya kuwa ba ta sauya wa wuta kama. Mata nawa suka aiko da munduwa suna taƙama, aka mayar musu da saƙon cewa rabinta jan ƙarfe ne! Dillalai sun tsane shi, shi ko a jikinsa.

Wajen shekarar 1954 sanholo ya shigo gari, kowa sai zubin tukunya da ludayi. Wata hantsi Ado dillali ya sauke buhun tarkacen jirgin sama da ya sayo a wajen gari. A ciki akwai wani guntu mai launin toka, ba nauyi ko kaɗan.

"Malam Isyaku, sanholo ne, ko?" in ji Ado.

"Sanholo ya fi wannan nauyi. Bari wuta ta gaya mana."

Ya kankare gefensa, ya ɗora guntun da garinsa a garwashi, ƙanensa Ilu ya kama zuga. Sai abu ya kama, fari fat, hasken da ya mayar da ranar hantsi kamar fitilar aci-bal-bal. Ado ya ruga ya bar takalmansa. Ilu ya fice yana ihu, "Yaya, fito! Wannan ba wutarmu ba ce!"

Ina! Maƙeri ya guji wuta a gaban dillali? Mutumin da ke riƙe jan garwashi a tafin hannu ranar wasan maƙera? Ga kuma launin da bai taɓa gani ba cikin shekara talatin. Ya tsaya ya ƙura mata ido, yana so ya gane ta. Da ya ga za ta lashi rumfa, ya yi abin da kowane maƙeri zai yi, ya sunkuci komin ruwan sanyaya ƙarfe ya sheƙa mata. Wutar ta yi tsalle ta same shi a fuska.

A asibiti aka gaya wa Ilu cewa irin wannan ƙarfe ruwa ƙara masa ƙarfi yake yi, yashi ne maganinsa. Yashin zubi kuwa na nan cike da kwando a gefen ƙafar Isyaku. Da Isyaku ya ji, wannan magana ta fi ƙunar ci masa rai.

Idanun ba su dawo ba. Mutane kuwa, Allah ya shirye su, ba su tsaya ga jaje ba. Wasu suka ce asirin gidansu ne ya karye, lalle ya taɓa abin da aka hana. Dillalan da ya sha tona wa asiri suka zo dubiya da goro, suna "Allah ya sawwaƙe" da bakin da bai iya ɓoye murna ba.

Ilu ya hau kan maƙerar. Don kada a ce ya yar da yayansa, ya ba shi zuga-zugi, tunda zuga ba ta bukatar ido. Nan Isyaku ya yi sauran shekarunsa, yana hura wa wani wuta.

Wata rana wata dattijuwa ta kawo awarwaro a duba mata. Isyaku ya ji Ilu na kankarar ta, ya ji garin ya zuba a garwashi. Ya kasa daurewa.

"Ilu, wane launi ta yi?"

"Yaya, kai dai yi zugarka," in ji Ilu. "Wuta ce kawai."