Numfashin Bindiga

A ɗakin hayarmu na unguwar Mahdiya akwai wani dattijo ɗan Damagaram da ya koyar a lakwal, wato makarantar boko, kafin babu ta koro shi nan garin Sabha ɗaukar bulo. Malam muke ce masa. Labarinsa ɗaya ne tal, har ya gundure mu: karon Faransawa da Rashawa a wani fili kusa da Mosko, zamanin bindigar adaka. Sojoji su jeru kafaɗa da kafaɗa, a ɗura albarushi, a danna da sanda, a saki. Igwa ta share sahu guda, na baya su taka hanjin na gaba su cike gurbi. Dawakai na gudu da ciki a farke. Nakan ce, "Haba Malam, kai da ko kaza ba ka iya yankawa!" Sai ya yi dariya ya ce, "Ka dai riƙe wannan, ɗana: kowace bindiga tana numfashi. Mai sauran kwana a cikin numfashin yake gudu."

Wata rana da hantsi faɗa ya ɓarke a unguwar. Abokin ɗakinmu mai walda ya fita sayo burodi, harsashi ya fasa masa cinya a tsakiyar titi, taku goma daga ƙofarmu. Muna leƙensa ta kafar ƙyaure, jini na tsartuwa, yana kirana. Ban motsa ba. Tsoro na ji, ba zan ɓoye ba.

Malam ya kasa kunne yana ƙirga da yatsu. Wata bindiga da ke kan bene takan yi ruwan wuta, sannan ta yi tsit. Sau uku ya auna shirun.

"Gidan harsashi yake canjawa," in ji shi. "In ta sake yin shiru, buɗe min."

Da ta yi shiru, na buɗe. Ya ruga ya damƙi mai walda ta wuyan riga, ya jawo shi har bakin ƙofa, ya turo min shi. Sai wata bindiga ta amsa daga ɗaya benen. Ta sami Malam a wuya da ƙirji, jininsa ya fantsamo min a fuska.

Mai walda ya rayu, sai ɗingishi. Ni kuwa sai da muke yi wa gawar Malam wanka na tuna sauran labarin da nake katse shi da tsiya: in sahun gaba na ɗura albarushi, sahun baya ne ke harbi. Da bakinsa ya koya mana wannan. Har yau ban yarda mantawa ya yi ba, kuma ni na buɗe masa ƙofar.