Malam Sa'idu da Manyan Haruffa

Ina tsakiyar darasi bayan sallar La'asar wayata ta yi ƙara. Ƙanen Malam Sa'idu ne, mahauci a babbar kasuwar Garwa. Ya ce, "Malam Audu, sai haƙuri. Yaya ya cika." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na juyo don in sallami ɗalibai, idona ya faɗa kan jerin kwamfutocin ajin, kowace da manyan haruffanta fari a kan baƙi. A nan hawaye ya ƙwace mini.

Tare muka koyar a wata ƙaramar cibiyar koyon kwamfuta. Ya girme ni, ya kuma riga ni shiga aikin. Mutum ne mai tsabta da raha, ga shi da taurin kai a kan abu ɗaya: ɗalibinsa ba ya taɓa linzamin kwamfuta sai ya iya ba ta umarni a rubuce a baƙin allo. Idan yaro ya yi ƙorafi, sai ya ce, "Hotuna na masu kallo ne. Kai gyara ka zo koya."

Shekarar da aka sayo mana sababbin alluna masu faɗi, waɗanda yaranmu ke kira ekran, rubutu ya koma ƙanana kamar ƙafar tururuwa. Kowa na murna ban da ni. Idona ya daɗe da fara rauni, irin raunin da tabarau ba ya gyarawa duka. Ɗalibi zai kira ni in duba kuskurensa, in duƙa har hancina ya kusa taɓa allo, in tashi ban ga komai ba. Darakta ya fara tsayawa a ƙofar ajina yana kallo. Na san inda maganar ta dosa. Malamin da ba ya ganin aikin ɗalibinsa ba ya daɗewa a aji, ni kuwa da wannan aikin nake riƙe da gidana.

Ban gaya wa kowa ba. Amma a taron malamai Malam Sa'idu ya gyara murya ya ce, "Ranka ya daɗe, idona ya gaji da wannan rubutu. Zan ƙara masa girma a kowace na'ura." Mutumin da na sha gani yana zura zare a allura ba tabarau!

Da aka tashi ya ce in zo in taya shi. Ya nuna mini cewa maganin yana can farkon tashin na'ura, a GRUB, manhajar da ke tayar da kwamfuta kafin komai ya buɗe. Ya tsayar da ita a wurin, ya rubuta videoinfo, allon ya jero girman da zai iya ɗauka. Ya zaɓi 800x600, ya sa a layin GRUB_GFXMODE, ya ƙara layin da ke cewa a riƙe wannan girman bayan an tashi, sannan ya rubuta update-grub. Ya gargaɗe ni cewa wanda ya zaɓi lamba da ka, yana iya ƙarewa da allon da ba ya nuna komai. "Tambayi allo abin da zai iya kafin ka ɗora masa," in ji shi. Da na'urar ta sake tashi, na karanta kowane harafi daga inda nake tsaye. Na buɗe baki zan yi godiya, ya ce, "Malam Audu, saura na bayan can. Yi sauri, shayi na hucewa."

Ɗalibai suka laƙaba masa Baba Manyan Haruffa. Ya karɓi sunan yana dariya, har yakan lalubi aljihu yana neman tabarau ɗin da bai taɓa mallaka ba. Ya ɗauki tsokanar da ni ya kamata a yi wa har ya koma ga Ubangijinsa, bai taɓa ɗaga maganar ba ko muna mu biyu.

Bayan an share makoki, darakta ya ce tunda Malam ya tafi, a mai da rubutu yadda yake a da. Na miƙe a gaban malamai na ce, "Ranka ya daɗe, idon Malam Sa'idu lafiyarsa ƙalau. Nawa ne." Darakta ya dube ni ya ce, "A bar su yadda ya bar su." Haka suke har yau, kuma duk sabuwar na'urar da ta shigo ni nake saita ta, yadda ya koya mini.

Ya Allah, bawanka Sa'idu ya rufa mini asiri a duniya, ka rufa masa a ranar da asirai ke tonuwa. Ka gafarta masa, ka yalwata kabarinsa, ka haskaka shi. Ka ba matarsa da 'ya'yansa da 'yan'uwansa haƙurin wannan rashi, ka haɗa su da wanda zai lura da damuwarsu tun ba su faɗa ba. Idan tamu ta zo, ka sa mu cika da imani. Amin.