Baƙon da Ya Amsa Sunan Onesimo

Doña Nikandra, wato Uwargida Nikandra a harshen garinsu, ba ta taɓa kwana a wani gari ba in ba San Sirilo ba, sai fa lokacin da ta yi jinyar mijinta a asibitin birni. A can bisa tsauni aka haife ta, inda gajimare kan sauko har bakin ƙofa da la'asar, kuma a can ta auri Leobardo. Shi Leobardo babu irin hidimar da bai yi wa gari ba. Ya fara da ɗan aike, ya yi tsaron coci, daga bisani ya riƙe sandar shugaban gari shekara guda, ba albashi, kamar yadda kowa ke yi idan layi ya zo kansa. Da ya rasu, ya bar mata gidan laka, da gonar masara a gefen kwari, da ɗa guda ɗaya, Onesimo.

Gonar kuwa ba mallakarsu ba ce har abada. A San Sirilo ƙasa ta gari ce, ana barin ta a hannun gida muddin gidan yana sauke nauyinsa. Kowace Asabar, idan aka busa ƙaho, kowane gida yakan ba da mutum guda a yi aikin gayya, a gyara hanya ko a share magudanar ruwa. Wanda taron gari ya zaɓa don wata hidima kuma, ko yana bangon duniya, sai ya dawo ya yi shekararsa. Wanda ya ƙi, a cire sunansa daga cikin 'yan gari, gonarsa ta koma hannun jama'a, kuma ba shi da kabari a maƙabartar kakanninsa.

Onesimo ya ƙetare iyaka zuwa ƙasar da ke arewa da tasu, wadda suke kira Arewa kawai, tun yana saurayi, yana aikin rufin gidaje, ba shi da takardun zama. Ya yi aure a can, har da 'ya'ya. Duk ranar Lahadi yakan bugo waya shagon Tibursiya, maƙwabciyarsu, wadda ke sayar da gishiri da kyandir, kuma take sauraron hirar kowa kyauta. Shekarar da taron gari ya zaɓe shi mai kula da ruwan sha, kowa ya san abin da ake nufi: idan ya taho, da wuya ya sake ƙetarawa ya ga iyalinsa. Saboda albarkacin mahaifinsa aka yi masa uzuri. Aka ce za a jira shi muddin wani daga gidansu yana fita gayya. Ranar da gidan ya daina fita kuwa, to, ko dai ya dawo kafin bikin matattu, ranar da ake ziyartar kaburbura kowace shekara, ko a cire sunansa.

Sai Nikandra ta ɗauki fartanyar mijinta. Idan mai kiran suna ya ce, "Onesimo na gidan Leobardo!" ita ce ke amsawa daga cikin maza. Ta ɗauki dutse, ta tura baro, ta yi haka damina da rani, har gwiwarta ta hagu ta kumbura kamar kabewa. Ta ɓoye wa ɗanta, amma Tibursiya ba ta ɓoye ba.

"Inna," in ji shi a waya, "na ji komai. Zan taho kafin biki. Yara za su saba."

Ta koma gida tana jan ƙafa, ba ta san ko murna take yi ko makoki ba.

A wannan makon ne baƙi suka iso. 'Yan sa-kai ne, maza da mata daga ƙasashe dabam-dabam, sun zo taimakon gina babban tankin ruwa a saman gari. Aka rarraba su gida-gida, aka kawo wa Nikandra wani dogon Bature mai furfura a gemu, wanda sunansa ya gagari bakin kowa, saboda haka aka mai da shi Andres. Ta ba shi ɗakin Onesimo. Ƙafafunsa sun fi gadon tsawo, barkono kuma yakan sa shi hawaye, amma ba ya barin ko ɓarɓashin wainar masara a kwano. Idan ya gama ci, sai ya tashi zai wanke kwanuka, ita kuwa ta kore shi da ludayi.

Ran nan ya tarar da ita tana ɗaure gwiwa da ganye, tana shirin fita gayya washegari. Ya tambaya, ta yi masa bayani a hankali, tana maimaitawa, domin harshen bai zauna masa sosai ba. Sai ya ce, "Mama, ai ni ma a gidan nan nake kwana. Ni zan je. Ke ki huta."

Da safe ana yayyafi, ta ba shi hular Onesimo da rigar ruwansa, ta raka shi dandali tana dogara sanda. Mai kiran suna ya ɗaga murya: "Onesimo na gidan Leobardo!"

"Ga ni!" in ji Andres, har da ɗaga hannu.

Dandali ya ɓarke da dariya. Wani ya ce, "Kai, Arewa ta karɓe ka, Onesimo! Har da ƙarin tsawo?" Tibursiya ta leƙo daga shago ta ce, "Maƙwabciya, da wane sabulu kika wanke shi ya yi fari haka? Ki sam mini in gwada a kan tsohona!"

Nikandra ba ta yi dariya ba. Idonta yana kan Don Serafin, wanda ke riƙe da sandar gari a shekarar, kuma shi ne uban baftismar Onesimo, shi ya sa suke ce wa juna kompadre da komadre. Don Serafin ya dubi baƙon, ya dube ta, ya yi ɗan murmushi, ya ce, "Madalla da baƙonmu." Mai kira ya wuce suna na gaba.

Ita matar Leobardo ce, ta san doka sarai. Amma ta ga gari ya ji, gari ya yi dariya, babu wanda ya ce a'a, sai ta ɗauki shirun a matsayin yarda. Da Lahadi ta zo ta karɓi waya da hannu biyu.

"Ɗana, ka zauna wurin 'ya'yanka. Allah ya kawo mana mai tsaya maka."

"Inna, kin tabbata? Baba Serafin ya amince?"

"A gabansa aka yi. Har madalla ya ce."

Ta ji ajiyar zuciyarsa daga can nesa, ta kuma ji muryar jikarta tana kiransa. Ranar ta yi barci mai daɗi.

Andres ya yi aiki kamar wanda aka haifa a garin. Hannunsa ya yi kanta, bayan wuyansa ya saɓule da rana. Kowace Asabar yana amsa sunan Onesimo, kowace Asabar ana dariya, har aka daina dariyar, aka riƙa ce masa Onesimo Fari. Nikandra kuwa ta zauna a gida, gwiwa ta fara sacewa. An kammala tanki da ɗan sauran lokaci, amma baƙin suka roƙa a bar su su ga bikin matattu kafin su tafi, gari kuma ya yi farin ciki da haka. Andres ya taya ta share kabarin Leobardo, ya ɗauko mata furanni masu ruwan ɗorawa, ya tambaye ta filin da ke gefen kabarin na wane ne.

"Nan nawa ne," in ji ta. "Can kuma na Onesimo, idan lokacinsa ya yi."

Washegarin biki mota ta zo. Andres ya rungumi Nikandra yana hawaye, ba na barkono ba wannan karon, ya mayar mata da hula, ya ce ba zai manta da ita ba. Ta cusa masa waina a jaka. Motar ba ta gama sauka daga tsauni ba aka busa ƙahon taro.

Kafin a zauna, Don Serafin ya zo gidanta, hularsa a hannu, ya ƙi karɓar kujera.

"Komadre, yau za a yi maganar Onesimo. Biki ya wuce, bai zo ba, gidanku kuma bai fita gayya ba tun tsakiyar damina."

"Bai fita ba? Kompadre, to wa ya ɗauki duwatsun tankin nan?"

"Baƙo ne ya ɗauka. Aikin baƙo kyauta ce ga gari duka, ba ya hawa kan wani gida. Da yana hawa, kowa sai ya ɗauko ɗan haya ya zauna a Arewa. Mijinki ne da bakinsa ya faɗi haka a dandali, shekarar da ya riƙe sandar nan."

"Kana tsaye ya amsa. Ka ce madalla."

"To me zan ce? Mutum ya baro ƙasarsa yana zuba mana gumi, in ce masa a gaban jama'a guminsa bai shiga ba? Ba a yi wa baƙo haka. Mun ce a bar maganar sai bayan ya tafi."

"Ni kuma fa? Ni ba baƙuwa ba ce. Ƙofata ba ta da makulli."

Don Serafin ya sunkuyar da kai yana murza bakin hula. "Baƙon yana gidanki dare da rana, komadre. Kuma mun zaci kin sani. Mun zaci yaron yana hanya."

"Yana hanya," in ji ta. "Ni na mai da shi."

A taron babu wanda ya ɗaga murya. Wasu sun roƙa mata, har Tibursiya ta yi kuka tana cewa duk garin munafukai ne, ita ma a ciki. Amma akwai magidanta da dama a wurin waɗanda suka baro aiki da iyali a Arewa suka dawo don hidima, ba su sake komawa ba, su kuwa ba su ga dalilin da zai sa ɗan Leobardo ya fi su ba. Aka ɗaga hannuwa, aka cire sunan Onesimo. Abin da Don Serafin ya iya ceto mata shi ne gidan, ta zauna har ƙarshen ranta, da kabarinta kusa da mijinta, da amfanin gonar wannan shekara. Bayan girbi, gona ta koma hannun jama'a.

Asabar ta gaba ta ɗauki fartanya ta tafi dandali, ko da yake babu mai buƙatarta. Mai kira ya zo daidai inda sunan yake, ya ɗan yi jim, ya wuce. Ta tsaya har aka watse, sa'an nan ta juya.

Yanzu tankin yana nan, ruwansa garau, yana zuwa har ƙofar gidanta. Wani sabon ango ne ke noman gonar gefen kwari, yakan kuma aiko mata da ɗanyar masara idan ta nuna. Filin Onesimo da ke can gefen kabarin Leobardo an binne wani tsoho a cikinsa bara. Nikandra ta roƙi Tibursiya kada ta faɗa wa Onesimo, kuma wannan karon Tibursiya ta kama bakinta. Duk Lahadi waya takan yi ƙara a shago.

"Inna, ya gwiwa?"

"Da sauƙi."

"Ya gonarmu? Idan yara suka girma, zan dawo in noma ta da hannuna."

Takan dubi gefen kwari ta ƙofar shagon, inda masarar wani ke kaɗawa a iska, ta ce, "Ta yi kyau bana, ɗana. Ta yi kyau ƙwarai."